Na Zaune Bai Ga Gari Ba: Gasar Kurket Ta Duniya Da Yaran Zango



A watan Maris na 2024 birnin Ankara ya karɓi baƙuncin Wasannin Afirka karo na 13, kuma shi ne karon farko da aka sa kurket cikin jerin wasannin. An buga shi a filin makarantar Acimota, wurin da mai tasowa daga Nima ko Mamobi ba zai cika sa'a guda cikin trotro ba idan hanya ta yi sauƙi. Ƙasashe takwas suka kara a gasar mata, takwas a ta maza. Zimbabuwe ta kwashe zinaren duka biyu: matanta sun yi kunnen doki da Afirka ta Kudu, aka ƙara musu ɗan zagayen raba gardama suka ci, mazanta kuma suka doke Namibiya. Matan Najeriya sun koma gida da tagulla bayan sun kada Yuganda. Gana mai masauki ta fitar da 'yan wasa a gasar maza, amma ba su kai zagayen kusa da na ƙarshe ba.

Duk wannan ya faru a bayan katangarmu, amma a zangonmu ba mu ji mutum ɗaya da ya ce ya je ya gani ba. Muna da uzuri, don gasar maza ta faɗo ne a tsakiyar watan azumi, jama'a na tsakanin tafsiri da cefanen buɗa-baki. Uzuri ne na gaskiya. Sai dai mun san halinmu: da a ce Black Stars ce ke wasa a wannan fili, da an sami masu riƙe robar ruwa da dabino suna jiran kiran salla a bakin ƙofa.

Abin da ya tono wannan magana shi ne wani matashin malamin makaranta da ya zo zauren Maigida kwanakin baya, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya roƙi a ba shi izinin amfani da ɗan filin da ke bayan makarantar Islamiyya domin ya koya wa yara kurket da yamma. Zauren ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya ce wasan Turawa ne da Indiyawa masu kantuna, wani ya ce shi ya ji ana kwana biyar ana yinsa kuma a tashi babu wanda ya ci. Maigida bai yi dariya ba. Ya waiwayo ya ce da mu masu riƙe masa alƙalami mu je mu bincika mu kawo masa bayani kafin ya yanke hukunci. Mun kai masa. Abin da muka kai shi ne muke shimfiɗawa a nan, tare da ra'ayinmu, domin batun ya wuce zango ɗaya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan haka yake. Kowane ɓangare mutum 11 ne. A tsakiyar fili akwai wata siririyar hanya mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshenta. Mai jifa yana neman ya kada turakun da ƙwallo, mai duka yana tsaye gabansu da katako mai faɗi, kamar muciya da aka faɗaɗa, yana kare su yana korar ƙwallon. In ya kore ta, shi da abokinsa sai su yi musayar wuri a guje, kowace musaya maki ɗaya. Ƙwallon da ta gangara ta fice daga da'irar fili maki huɗu ce, wadda ta tsallake ta sama maki shida. In aka kada turakunsa, ko aka cafe ƙwallon da ya daka kafin ta taɓa ƙasa, ya fita ke nan, ba ya dawowa. Jifa shida su ne zubi ɗaya, abin da masu wasan ke kira oba.

Dattijon da ya yi maganar kwana biyar bai yi ƙarya ba. Tsohon wasan haka yake, kuma har yau ana yinsa, amma ƙasashe 12 kaɗai aka yarda wa su yi shi a hukumance. Wasa ne na masu hutu. Mai tireda ko mai sayar da goro ba zai rufe shago kwana biyar don kallon katako da ƙwallo ba. Abin da ya sauya lissafi shi ne ƙayyade zubi. A watan Janairu na 1971, a birnin Melbon, ruwan sama ya ɓata wasan kwana biyar tsakanin Ostireliya da Ingila, sai aka shirya na yini guda don kada 'yan kallo su koma hannu rabbana. Jama'a suka cika fili. Shekara huɗu bayan haka, a 1975, aka yi gasar cin kofin duniya ta farko ta maza a Ingila, kowane ɓangare zubi 60 (mata sun riga su, sun yi tasu tun 1973). Daga baya aka tsayar da zubi 50. A 2003 aka fito da wanda ya fi gajarta, mai zubi 20, wanda ake gamawa cikin sa'a uku da 'yan kai, kuma irinsa aka buga a Acimota.

To, me ya shafe mu da wannan gajartawa? Ai ita ce zuciyar magana. Noman gayya na kwana biyar, wanda ya fi yawan majiya ƙarfi da tukwanen abinci shi ke cinye shi, babu mamaki a ciki. Dambe kuwa turmi uku ne, kuma naushi ɗaya yakan kai ƙato ƙasa. Tun da aka ƙayyade zubi, yammaci ɗaya da ya yi wa wani yaro kyau ya isa ya kunyata babbar ƙasa, kuma tarihin wannan gasa cike yake da irin wannan yammaci.

Kofin farko ma ba Ingila mai wasan ce ta ɗauke shi ba. Haɗakar tsibiran Karebiyan ce ta ɗauka, jikokin bayin da aka kwasa daga gaɓar nan tamu da na leburorin da aka kawo daga Indiya, ƙarƙashin jagorancin Clive Lloyd, a filin Lord's na Landan inda ake ajiye dokokin wasan. Suka sake ɗauka a 1979. A waccan gasa ta farko akwai ƙungiyar Afirka ta Gabas, wadda ta haɗa Kenya da Yuganda da Tanzaniya da Zambiya, alhali Afirka ta Kudu na waje saboda mulkin wariyar launin fata. A 1983 Indiya, wadda ba a kawo ta cikin lissafi ba, ta ci maki 183 kacal a wasan ƙarshe, amma ta hana Karebiyan kaiwa. Pakistan ta ɗauka a 1992 ƙarƙashin Imran Khan, Siri Lanka a 1996 ana tsakiyar yaƙin basasa a ƙasarta. A wannan gasa ta 1996 ne Kenya ta kada Karebiyan a birnin Pune na Indiya, ta fitar da su duka a maki 93.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne labarin Afganistan. Yawancin mutanen da suka kafa ƙungiyar ƙasar sun koyi wasan ne suna 'yan gudun hijira a kewayen Peshawar ta Pakistan, a kan turɓaya, da ƙwallon tanis da aka naɗe da tef ɗin masu gyaran lantarki don ta yi nauyi. A 2017 aka ba ƙasar cikakkiyar kujera a Hukumar Kurket ta Duniya. A gasar zubi 50 ta 2023 ta doke Ingila da Pakistan da Siri Lanka. A ta zubi 20 ta 2024 ta doke Niyu Zilan da Ostireliya ta kai zagayen kusa da na ƙarshe. Yaran da suka tashi a ƙasar da ba tasu ba, ana kiransu baƙi, su ne suka ɗaga tutar. Ba mu ɗauki komai na can abin koyi ba, musamman yadda tun 2021 aka rufe wa 'yan matansu fili da azuzuwan sakandare, amma wanda ya tashi a zango ba sai an fassara masa labarin waɗannan yara ba.

A gasar 2024 ɗin nan, wadda aka yi a Amurka da tsibiran Karebiyan, ƙasashe 20 suka shiga. Amurka, wadda galibin 'yan wasanta baƙin haure ne ko 'ya'yansu, ta doke Pakistan a kusa da Dallas, kuma wanda ya yi jifar raba gardama injiniyan kwamfuta ne da ya ɗauki hutu daga wurin aiki. Yuganda ta je karon farko, bayan ta tsallake Zimbabuwe a wasannin share fage. Ta sha kashi mai muni, har Karebiyan suka fitar da ita duka a maki 39, amma ta ci Papuwa Niyu Gini, kuma a wannan wasa Frank Nsubuga, mai shekara 43, ya yi zubi huɗu aka ci maki huɗu kacal a kansa. Mutumin ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana jiran wannan dare.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa manyan wasan sun buɗe ƙofa ne don Allah. Sun buɗe, sun kuma rufe, gwargwadon abin da aljihu ya faɗa musu, kuma wannan ɓangare ne muka fi daɗewa a kansa gaban Maigida.

A 2007 ƙasashe 16 suka shiga gasar zubi 50. Ranar 17 ga Maris, Ailan ta doke Pakistan, Bangaladash kuma ta doke Indiya, rana ɗaya. Manyan biyu suka fice tun zagayen farko, bayan wasa uku-uku. Ga mai son wasa wannan abin farin ciki ne. Ga gidajen talabijin da suka zuba kuɗi don miliyoyin masu kallo na Indiya, asara ce. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: aka rage zuwa ƙasashe 14 a 2011 da 2015, sannan zuwa 10 a 2019 da 2023, da tsarin da ya tabbatar kowace ƙasa za ta buga wasa tara kafin a sallame ta. Wato an gyara gasar yadda babba ba zai sake faɗuwa da wuri ba, ƙarami kuma zai tsaya a waje. Zimbabuwe ta rasa gasar 2019 da ta 2023. Hatta Karebiyan masu kofi biyu na farko ba su sami kujera a 2023 ba. Gasar da ake kira ta duniya, alhali hukumar na da mambobi sama da ɗari, ta koma taron mutum goma.

Rabon kuɗin ma haka yake. A tsarin da aka amince da shi na 2024 zuwa 2027, Indiya kaɗai tana karɓar sama da kashi 38 cikin ɗari na abin da hukumar ke rabawa, yayin da ƙananan mambobi sama da 90, waɗanda Gana da Najeriya da Kamaru ke cikinsu, suke raba kusan kashi 11 a tsakaninsu. Masu kare wannan tsari suna cewa daga kasuwar Indiya mafi yawan kuɗin ke fitowa, kuma gaskiya ne. Amma mu da muka saba zaman rabon gado da na kuɗin asusu mun san cewa in aka ba mai shi gwargwadon abin da yake da shi, marar shi kuma gwargwadon rashinsa, to jikokinsu ma a haka za su tarar da juna.

Wani zai ce to ai kun kashe bakin kanku: in gidan haka yake, me zai kai yaranmu? Amsarmu ita ce a yanzu ƙofar a buɗe take, kuma ba mu da tabbacin za ta daɗe. Tun daga farkon 2019 duk wasan zubi 20 tsakanin kowaɗanne ƙasashe biyu mambobi ana lissafa shi cikakken wasan ƙasa da ƙasa, ko da Gana ce da Saliyo. Gasar zubi 50 ta 2027 za a yi ta a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya, an kuma mayar da ita ƙasashe 14. A 2028 kurket zai koma Wasannin Olamfik a Los Anjalas, karon farko tun 1900. Manya sun gane cewa kasuwa na buƙatar sababbin ƙasashe, shi ya sa suka sassauta. Ranar da lissafinsu ya sake juyawa za su sake matsewa, kuma wanda ya riga ya shiga ya fi wuyar fitarwa a kan wanda ke bakin ƙofa yana shawara.

Maƙwabtanmu sun fara shiga. A Janairun 2025, a Malesiya, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke Niyu Zilan da maki biyu a gasar duniya ta tsararrakinsu. Niyu Zilan fa, ƙasar da ta fi shekara ɗari tana wannan wasa. Kuma wasan ba baƙo ba ne a gaɓar nan, don tun 1904 ake karawa tsakanin Ikko da Gwalkwas, wato Gana ta yau. Abin da ya sa ba mu san shi ba shi ne ya zauna a bayan katangun manyan makarantu irin su Acimota da kulob-kulob na ma'aikatan gwamnati, wuraren da kakanninmu suka ƙi kai 'ya'yansu don tsoron kada a raba su da addini. Suna da hujja a zamaninsu, ba ma zarginsu. Amma tsoron da ya hana su ya riga ya kau, yaranmu suna waɗannan makarantu yau, mu kuma muna riƙe da ƙyamar ba tare da dalilinta ba.

Akwai gargaɗi guda da bai kamata mu ɓoye ba, shi ne Kenya. A 2003, lokacin da aka yi gasar a Afirka, Kenya ƙarƙashin Steve Tikolo ta doke Siri Lanka a Nairobi ta kai zagayen kusa da na ƙarshe, inda Indiya ta tsayar da ita a Durban. Babu wata ƙaramar mamba da ta taɓa kai nan a gasar zubi 50. Sai dai ƙungiyar ta tsaya ne a kan 'yan gidaje kaɗan na birnin Nairobi, wa da ƙani da ɗan uwa, babu gandun da ke renon na baya. A 2004 aka dakatar da ɗaya daga cikin taurarinta, Maurice Odumbe, shekara biyar saboda karɓar kuɗi daga hannun ɗan caca. Rigimar shugabanci ta biyo baya. Zuwa 2014 Kenya ta rasa matsayinta na buga wasan yini guda a hukumance, kuma a Acimota Yuganda ce ta hana ta ko da tagulla. Darasin da muka ɗauka shi ne ba tauraro ɗaya ake nema ba. In za a yi, a yi shi yadda yara ɗari za su taɓa katakon, ko da ɗaya ne zai kai ga rigar ƙasa.

Rigar ƙasar nan ita ce abin da ya fi damunmu, kuma a nan muke roƙon dattawa su saurara. Iyayenmu sun ga Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, aka kwashi mutanen da a nan aka binne cibiyarsu aka ɗora a manyan motoci. Har gobe mai suna Musa ko Hajara yakan tsaya gaban tebur a wani ofis a tambaye shi daga ina kakansa ya zo, tambayar da ba a yi wa na gabansa a layi ba. Ba takarda kaɗai ke kashe wannan tambaya ba. Babban filin wasa na Kumasi sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. Abdul Razak ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1978. Ranar da Mohammed Kudus ɗan Nima ya zura ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a Ƙatar, babu wanda ya nemi ganin takardar haihuwar kakansa. Ƙwallon ƙafa ta yi wa zango aikin da ƙorafi na shekara hamsin bai yi ba. Matsalar ita ce ƙofa ɗaya ce, kuma dukan yaran ƙasar nan a bakinta suke turereniya. Kurket ƙofa ce da layinta gajere ne. Yaron da ke da ido da hannu, wanda a ƙwallon ƙafa ba zai wuce ƙungiyar unguwa ba, a nan yana iya kaiwa ga tutar ƙasa cikin 'yan shekaru.

Wasu tsirarun sun riga mu gane haka. Moeen Ali ɗan Birmingham da Adil Rashid ɗan Bradford, zuriyar baƙi daga Pakistan, suna cikin ƙungiyar Ingila da ta ɗauki kofin 2019, bayan wasan ƙarshe da Niyu Zilan wanda aka tashi maki 241 kowa, aka yi zubin raba gardama aka sake yin kunnen doki, sai da aka koma ƙirga ƙwallayen da suka fice daga da'ira. Da aka tambayi kyaftin ɗinsu Eoin Morgan, wanda shi kansa haifaffen Ailan ne, ko sa'ar mutanen ƙasarsu ce ta taimaka, sai ya amsa cewa Adil ya gaya masa Allah na tare da su. Da aka zo fesa giya a kan dandamali, mutanen nan biyu suka koma gefe. A 2022, da Ingila ta ɗauki kofin zubi 20 a Melbon, kyaftin Jos Buttler ya tsayar da kwalaben har aka gama ɗaukar hoto da su suka sauka. Hashim Amla na Afirka ta Kudu ya yi shekaru yana wasa ba tare da tambarin kamfanin giya a rigarsa ba, kuma har ya shugabanci ƙungiyar. Waɗannan mutane ba su ajiye addininsu a bakin fili ba. Sun shiga da shi, da ƙwarewar da ta sa dole a yi musu wuri.

Wannan ya kawo mu ga abin da malamanmu suka tambaya a zaure, kuma tambayarsu tana kan hanya. Abin da muka karanta a gabansu shi ne wasan motsa jiki halal ne muddin bai tozarta salla ba, bai bayyana al'aura ba, kuma caca ba ta shige shi ba. Ta fuskar sutura, kurket ya fi ƙwallon ƙafa kusa da mu, domin da dogon wando ake yinsa, kuma yarinya na iya buga shi da hijabinta ba tare da ta gogi jikin kowa ba, tunda babu turereniya a cikinsa. Ta fuskar lokaci, wasan yara mai zubi takwas ko goma yana shiga tsakanin La'asar da Magariba ya bar sarari na alwala. Cacar ce abin tsoro na gaske. Ta ci Hansie Cronje, kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, wanda aka haramta wa wasan har abada a 2000, ta ci Odumbe, ta ci wasu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: shagunan caca sun riga sun cika lungunanmu, kuma ba kurket ya kawo su ba. Yaron da ke cikin fili yana gumi ƙarƙashin idon malami ya fi nisa da su a kan wanda ke zaune bakin kwata da waya a hannu.

Akwai kuma wata tarbiyya a wasan da muka ga ta dace da ɗan makaranta. Mai duka kuskure ɗaya gare shi. In ya yi gaggawa ya kai wa ƙwallon da ba tasa ba duka, ya fita, sai ya zauna ya kalli 'yan uwansa har a tashi. In alƙali ya ɗaga yatsa, tafiya ake yi ba gardama. Mu da aka rene mu a kan wanke allo a sake rubutu saboda wasali ɗaya ba mu ga baƙon abu a nan ba.

Saura batun kuɗi da fili. Kayan manya suna da tsada, kwalkwali da safar hannu da makarin ƙafa da ƙwallon fata, wannan ba musu. Amma ba da su ake farawa ba. Yaran Karaci da Peshawar da ƙwallon tanis da tef suka fara, a lungunan da ba su fi namu faɗi ba, kuma cikinsu aka sami masu jifan da duniya ke tsoro. Kafinta na unguwa zai iya fafe katako, turaku uku kuwa ko sandunan tsintsiyar mofa sun isa. Filin da ke bayan makarantarmu mun auna shi da igiya, ya haura yadi 22 da 'yan taku. Tagogin maƙwabta ne abin lura, shi ya sa muka ba da shawarar a yi doka irin ta yaran can: wanda ya daka ƙwallo ta faɗa gidan mutane ya fita, kuma shi zai je ya yi sallama ya karɓo.

Ga abin da muka roƙi Maigida. A ba malamin nan filin kwana biyu a mako na tsawon zangon karatu ɗaya, rana ɗaya ta maza, ɗaya ta mata tare da malama. A ɗaura sharaɗi cewa yaron da bai kawo haddarsa ba ba zai taɓa katako ba, kuma da kiran Magariba an tashi ko da saura jifa ɗaya. A rubuta wa hukumar kurket ta ƙasa takarda da hatimin Maigida, a nemi ta turo mai koyarwa da 'yan kayan somawa, domin irin waɗannan hukumomi da yawan yaran da suka yi rajista ake auna su a wurin rabon tallafi, don haka suna buƙatarmu kamar yadda muke buƙatarsu. Muna kuma kira ga 'yan uwa na Kumasi da Tamale, da na Yawunde da Duwala inda su ma akwai ƙungiyar ƙasa, su duba bayan makarantunsu.

Maigida ya saurara har ƙarshe. Ya tambayi ko nawa ne kuɗin ƙwallon tanis dozin guda, aka gaya masa, ya sa hannu a aljihu. Dattijon da ya yi maganar kwana biyar ya ce shi dai zai zo da kujerarsa ranar farko ya ga yadda ake tashi babu wanda ya ci. Takardar hukuma mun rubuta ta, tana jiran hatimi bayan sallar Juma'a.